Akwatunan Toka a Wayar Yaya

Litinin, bayan azahar. Wurno, gidan Kawu Zayyanu

Tun da munka baro Boyekai don gudun ɓarayin daji wayar Yaya Mainasara tana hannuna. Ranar nan ya bar ta ga caji, yac ce yanzu za shi Marnona shi komo. An ishe babur ɗinai bakin hanya. Shi ba a ishe shi ba.

Yau Abdulƙadir, wanda ke sayen albasa ga Yaya can Goronyo, ya turo saƙo cikinta. Wani dogon rubutu na shuɗi, ƙasa kuma yas sa: an ce an hiddo wasu mutane daga daji an kai su Rabah, an ɗauke su hoto, ku duba. Nid danna. Shafi ya buɗe, Turanci cike da shi. Na gane Rabah, na gane Sakkwato, sauran ban gane ba. Amma inda hotuna ya kamata su zamna sai akwatuna masu launin toka, kowane da wani ɗan tambari ga kusurwa awa takardar da anka yage.

Inno, mahaihiyarmu, tana tsaye bisa kaina tun kahin in danna. Tac ce, "Bilya, ka gan shi?" Nic ce mata sabis na babu ƙarhi, mu jira.

Kawu ya kira ni zaure, yac ce kar in kuskura in gwada ma kowa shafin ga, ko mai gyaran waya. Yac ce yanzu ba a san wanda ke kai magana daji ba, in sunka ji gidan ga na biɗar mutum, abin zai komo kanmu ko kan shi Yaya in shina raye. In shina raye. Haka yac ce, sannan yad dubi ƙasa.

Talata, hantsi

Na hau tudun bayan gari inda samari ke zuwa biɗar sabis. Sandunan sabis sun cika har sama. Akwai wata kibiya mai kewaye ga burauza, wurin buɗe shafuka ke nan, in ka danna ta shafi shi ɓace shi sake zakuwa. Na danna ta har yatsana ya yi santsi. Rubutu na zakuwa nan take, akwatuna na zakuwa nan take, hoto ba ya zakuwa.

To in sabis na, mi yas sa rubutu ke wucewa? Ko hoto ya hi rubutu nauyi? Hala.

Laraba, bayan la'asar

Kawu ya tahi Rabah da sahe ya komo. An ce mai mutanen ba su nan, an wuce da su gaba don magani da tambayoyi, kuma ba a bada suna. Wanda yat tambaya ko ɗaga kai bai yi ba.

Da yac ci abinci yat tara mu. Yac ce wani mutum da yag gudo daga wurin ranar nan ya rantse ya ga Yaya ya hwaɗi bai tashi ba, kuma malam ya ce shaidar ga ta isa. Yac ce ba a barin matatai rataye, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Raihana, matar Yaya, tana bayan ƙyaure tana ji. Tun ranar nan ba ta sa kwalli ba, amma kuma ba ta shiga takaba ba. Mata in sun zaka ba su san wace gaisuwa za su yi mata ba, sai su ce ya sanyi, alhali zahi ake.

Kawu yac ce Jumma'ar ga a bari ta wuce. Ta sama, in babu labari, a shimhiɗa tabarmi a amshi gaisuwa.

Ni Inno tad duba.

Alhamis, sahe

Akwatuna dai.

Jumma'a, bayan an sauko masallaci

Na tahi rumhwar Mujaheed mai caji da gyaran waya bakin kasuwa. Ban gwada mai ba. Waya na aljihu, hannuna bisanta. Nic ce wani abokina na shafi ke ƙin hidda hoto ga wayatai, mi ake yi?

Yay yi dariya yac ce abokan mutane duk sun lalata wayoyinsu satin ga. Yac ce burauza tana tara shara cikin cikinta, kash da kukis da tarihin inda anka shiga, in ta ƙoshi sai ta riƙa hauka. A danna ɗigo ukun da ke sama, a shiga setin, a goge duka, a ruhe shafukan da ke buɗe. Yac ce, "Ka ce ma abokin naka shi zaka da ita, ba cizo nike ba."

Da nik komo gida na shiga inda yac ce. Na ga wurin gogewa. Sai nid duba mi za a goge ɗin. Shafukan da Yaya ya bari buɗe suna nan jere bayan juna. Ɗaya na ciwon da ke sa ganyen albasa hwari. Ɗaya na wasan ƙwallo. Ɗaya na injin ban ruwa, wanda ya daɗe shina hwaɗin zai saya mu bar aron na mutane ga hwadama. Akwai ɗaya da ban gane ba sam. Yatsanai na yab buɗe su, ya bar su don shi komo garesu.

Ban goge ba.

Asabar, hantsi

Na ce bari in bi setin ɗin ɗaya bayan ɗaya, tun da haƙuri dai ina da shi. Turanci na duka. Ina karanta baƙi baƙi in haɗa, in na haɗa kuma ban san mi nih haɗa ba.

Na ja wani ɗan zare zuwa dama, rubutu ya kumbura, kalma guda ta cika gilashi. Na mai da shi. Na danna wani wuri mai hoton talabijin, sai shafin duka ya ƙanƙance awa tururuwa sunka bi layi, akwatunan sunka koma ƙanana, amma toka dai. Na daɗe kahin in gano ta inda nish shiga.

Sannan nit taɓa wani abu, gilashin duka ya koma baƙi ƙirin, rubutu ya zama hwari. Daidai nan Inno tal leƙo. Ta ja baya tana salati, tac ce mi na na wanga, mi wayar ga tag gani? Na rantse mata ni nit taɓa, ba wani labari na ba, na mai da shi hwari gabanta. Duk da haka ba ta ci tuwon rana ba.

Ni ma da yay yi baƙin gabana ya hwaɗi. Ban hwaɗa mata ba.

Lahadi, azahar

Waya ta ɗauke, na cire batir na mayar. Yanzu shafin ma ya ƙi buɗewa. Wani jan tambari mai kusurwa uku ya tsaya tsakiya. Na ɓata ta ke nan? Ko mutanen daji na sunka gane ana dubawa?

Lahadi, la'asar

Na koma ga Mujaheed da maganar abokina. Yat tambaye ni ko abokin ya cire batir. Nic ce hala. Yac ce to kwanan wata na ya ruɗe, waya na ganin shekarun baya take, burauza kuma ba ta yarda da shafi in lokaci bai yi daidai ba. Na hita bayan rumhwa na duba. Gaskiyatai. Wayar ta koma wata shekara da ko auren Yaya ba a yi ba, Baba ma na raye. Na tsaya ina dubin shekarar ga kaɗan kahin in gyara.

Jan tambari ya tahi. Akwatuna sun komo. Har murna niy yi da ganinsu.

Litinin, bayan asuba

Jiya Raihana ta aje min kunu, ta tsaya ba ta wuce ba. Tac ce in bari ta riƙe wayar kaɗan. Ba ta danna komi ba. Ta shahwa bayanta inda roba ta ɓare, ta mai do min.

Litinin, azahar

Na lura da wani abu. Ina sake dubin shafukan Yaya, na ƙwallo, na albasa, na inji. Babu hoto ko ɗaya cikinsu. Duk akwatunan ga na. Shafin inji an rubuta suna da ƙarhin doki, amma inda injin zai tsaya toka. Ashe ba shafin Rabah ke da laihi ba, wayar ta haka take.

Sai nit tuna. Bara lokacin dashe muna zamne bakin rijiya, abokan Yaya na kukan data ba ta kwana biyu. Yaya na dariya shina cewa tashi sai ta ga watan gobe, don ya hana burauzatai cin hoto. Yac ce hoto na ke shanye data, shi kuwa karatu ya zaka yi ba kallo ba. Sun ce mai marowaci, yac ce na ji.

Shi da kainai ya kulle ta. Ya Allah. Yaya, ina kab ɓoye makunnin ga?

Talata, hantsi

Na same shi. Ba inda nike ta biɗa ba na. Cikin setin akwai wani setin na shafuka, cikinai kuma sai ka gangara har ƙasa. Akwai ɗan hoton dutsi da rana, gehenai makunni ya kwanta hagu, toka. Na tura shi dama ya yi shuɗi.

Na tahi bayan gida inda babu kowa. Na danna kibiya. Akwatin hwarko ya hwara cika daga sama, sannu sannu. Bango. Taga. Kan wani jami'i mai bindiga tsaye. Sannan kawunan mutane zamne ƙasa.

Babu huska. Jiki ya hita sarai, ina ganin yagewar riga, ina ganin ƙura ga gwiwa, har butar da ke gehe ina ganin marhinta. Amma kowace huska ta dame, awa an shahwa yatsa ga zanen da bai bushe ba.

Inno ta tambaya da nish shigo. Nic ce saura kaɗan. Ba zan gwada mata mutane babu huska ba, wadda baƙin gilashi ya hana ma cin tuwo.

Talata, bayan la'asar

Na ƙara haske. Na rage. Na buɗa hoton da yatsa biyu, huskar ta ƙara damewa. Na goge gilashi da bakin riga, na hura mai iska na sake gogewa. Na koma tudu. Na sayi sabuwar data ko tsohuwar ta ta yi rauni. Na kashe makunnin na kunna.

Mi yas sa buta ta hita, mutum bai hita ba?

Laraba, sahe

An kawo tabarmi daga masallacin unguwa, an jingine su zaure a naɗe. Kawu ya aika a hwaɗa ma dangi na Goronyo. Ba ya duban idona, ni ma ba ni duban nashi. Ba mugu na ba. Shi ke ci da mu duka tun da munka zaka, kuma shi yar riƙe Yaya ranar suna.

Laraba, azahar

Abu guda ya rage cikin abin da Mujaheed yac ce. Na ce hala sharar ga ta ke tare huskokin.

Na aje saƙon Abdulƙadir inda zan same shi. Na buɗe shafukan Yaya na dube su ɗaya ɗaya. Sannan nig goge. Waya ta tambaye ni wani abu da Turanci, na san cewa take ka tabbata. Na danna.

Burauza ta koma wayam awa ba a taɓa shiga ba. Na buɗe shafin Rabah. Bango, taga, mai bindiga, buta.

Huskoki na nan yadda suke.

Laraba, magariba

Na goge mai kaya a banza.

Alhamis, hantsi

Gobe Jumma'a. Na saɓa ma Kawu. Na jira rumhwar Mujaheed ta yi sauƙin mutane, na zagaya ciki inda shike zamna, na aje wayar bisa gwiwatai.

Bai yi dariya ba yau. Ko buɗa hoton bai yi ba, ya san shi. Yac ce, "Bilya, wayarka lahiya lau take. Wanga ba lalacewa ta ba. Masu shafin na sunka shahe huskokin da gangan kahin su sa, don kar ɓarayin su gane wanda yak kuɓuta su bi gidansu. Ko wayar gwamna ka ɗauko haka za ta gwada ma."

Nic ce to ba wani setin da ke mai da su?

Yac ce babu. Yac ce shi ma ya biɗa. Sai yaz zaro tashi wayar daga aljihu, babba mai kyau, yab buɗe. Hoton ga na. Yac ce ƙanen babanai na anka ɗauke, hanyar Rabah, tun kahin azumi. Yac ce duk wanda yaz zaka mai da zancen aboki satin ga ya san shafin da shike nuhi, ba ya dai tambaya.

Mun zamna. Wani ya zaka amsar caji, Mujaheed ya ba shi, ya komo ya zamna.

Alhamis, bayan la'asar



Na kira Inno ɗaki, Raihana ta biyo ta ta tsaya bakin ƙohwa. Na hwaɗa masu gaskiya, hoto ya hita tun shekaranjiya, amma an ɓoye huskoki kuma babu mai iya hiddo su. Inno tac ce in ba ta. Ba ta taɓa riƙon irin wayar ga ba, sai ta tallabe ta hannu biyu a kwance, yadda take riƙon faranti. Ina shirin in ce mata ba haka ake ba, sai hoton ya juya da kainai, ya buɗe, ya yi hwaɗi.

Ashe tsaye da nike riƙonta shafin na yanke gehe biyu na hoton. Kwana da kwanaki ina dubin tsakiya. Akwai mutane dama da hagu da ban taɓa gani ba.

Inno ba ta dubi kan kowa ba. Ƙasa take bi da ido, tana jan numhwashi. Kowa cikin hoton ya tanƙwashe ƙahwa ko ya tsuguna. Can ƙarshen hagu, jikin bango, mutum guda ya naɗe ta dama, ta hagu kuwa ya miƙe ta gaba sambal, tahin ya karkata waje.

Gwiwar Yaya ta hagu ba ta naɗewa tun da amalanke ya taka shi shina yaro. Ko ga salla haka shike zamna, ƙarshen sahu, don kar shi tokare mutane. Kullum ƙarshen sahu, jikin bango.

Inno ta sa yatsa bisa ƙahwar. Ba ta yi kuka ba. Tac ce, "Raihana, zaka ki ga mijinki."

Raihana ta duƙa ta daɗe. Mutumin ya rame ƙwarai, rigar ba tashi ba ta, babu takalmi. Ba ta ce shi na ba, ba ta ce ba shi na ba. Ta zamna ƙasa nan inda take ta ruhe huska da gyale.

An kira Kawu. Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya goge ya sake dubawa. Yac ce masu ciwon gwiwa na da yawa ƙasar ga, ƙahwa ba huska ta ba, kar mu ɗora ma yarinya rai a kan abin da ba mu tabbata ba.

Inno tac ce, "Zayyanu, ni niy yi jinyar ƙahwar ga wata da watanni, bisa cinyata take kwana. In kana so ka shimhiɗa tabarminka shimhiɗa. Ni ba ni zamnawa."

Kawu ya riƙe wayar a kwance yadda tab ba shi. Ina ganin babban yatsanai na kai da komo kusa da gilashin, bai taɓa ba. Ya aje ta ya hita.

Ni ban sani ba. Wallahi ban sani ba. In na duba sau ɗaya shi na, in na sake dubawa wani bawan Allah na mai ciwon gwiwa.

Jumma'a, hantsi

Kawu ya ce in mai da tabarmi masallaci. Yac ce in liman ya tambaya in ce an ɗaga. Ya ce Litinin zai shiga Sakkwato shi tambaya inda anka kai su, in tahi tare da shi, in riƙo wayar.

Asabar, sahe

Raihana ta hito shara da kwalli ga idonta. Kaɗan tas sa. Inno ta dai ƙara mata kunu.

Lahadi, bayan la'asar

Ba labari tukuna. Abdulƙadir ya ce shi ma bai ji komi ba can Goronyo.

Na zamna ina ƙoƙarin mai do shafukan da nig goge, don kar shi ishe wayatai wayam. Na ƙwallo ya samu da sauƙi. Na ciwon albasa na sami wani mai kama da shi. Wanda ban gane ba ya tahi ke nan, sai dai shi hwaɗa min mi na na. Na inji na sha wuya, baƙi baƙi nike tunowa ina rubutawa ina kuskure, har Allah ya sa na dace.

Da yab buɗe sai ga injin tsaye inda akwatin toka yake da. Ja na, da baƙin tanki bisa. Yaya ya shekara shina karanta labarinai bai taɓa ganin launinai ba.

Na bar makunnin hoto a kunne. Data za ta ƙare da wuri, zai yi hwaɗa. Shi zaka shi yi.